Rufe Bakin Bairas: Yadda Ake Tsara Guntayen RNA Don Yaƙar Cututtukan da Sauro Ke Yaɗawa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, da zarar jikin mutum ya yi zafi da damina, abin da akan fara cewa shi ne ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, watau maleriya. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma ba maleriya kaɗai sauro ke yaɗawa ba. Akwai wasu cututtukan da yake ɗauka daga jikin wani ya kai jikin wani, waɗanda maganin maleriya ba ya yi musu komai, domin abin da ke haddasa su wata irin ƙwayar cuta ce daban da ake kira bairas. Daga cikinsu akwai shawara, da zazzaɓin denge, da Zika, da cikungunya, da zazzaɓin Yammacin Nilu, da zazzaɓin Kwarin Rift. Har zuwa yau babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da maganin da ke kashe bairas ɗin kai tsaye a jikin majinyaci. Abin da likita ke iya yi shi ne ya sassauta zafin jiki, ya ƙara wa majinyaci ruwa ko jini, ya kula da shi har jikinsa ya yi galaba da kansa.

Wannan darasi zai yi bayanin wata hanya da masana ke bincike a kanta domin cike wannan giɓi. Hanyar kuwa ita ce a ƙera wani ɗan guntun sinadari mai suna RNA, wanda zai shiga jiki ya gano saƙon bairas ya sa a datse shi kafin ya yi aiki.

Cututtukan da Masu Ɗauko Su

Sauron da ke yaɗa maleriya shi ne Anofilis, mai cizo da dare. Wanda ke yaɗa shawara da denge da Zika da cikungunya a birane kuwa sunansa Aedes aegypti. Baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, ya fi cizo da rana, musamman da hantsi da kuma yamma lis. Yakan yi ƙwai a ruwan da ya kwanta cikin randa, ko tulu, ko tsohuwar taya, ko gwangwani. Saboda haka gidan sauro, duk da amfaninsa, bai isa ya kare mutum daga gare shi ba.

Waɗannan cututtuka ba baƙi ba ne a Afirka ta Yamma. A shekarar 1927 aka fara ware bairas ɗin shawara daga jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi, a lokacin da wata tawagar masu bincike ke da mazauni a Yaba, cikin Legas. Daga wannan bairas ne Max Theiler ya samar da allurar riga-kafin shawara a 1937, wadda ake amfani da ita har yau. Duk da haka an yi annobar shawara a yankin Jos a 1969, da Binuwai a 1986, kuma cutar ta sake ɓulla a jihar Kwara a 2017. Daga cikin waɗanda shawara ta yi wa kamu mai tsanani, kusan rabi sukan rasu. An yi fama da zazzaɓin Kwarin Rift a jihar Tawa ta Nijar a 2016, da cikungunya a Kasala ta Sudan a 2018 da Abeshe ta Cadi a 2020. A 2023 denge ya yi ɓarna mai yawa a Burkina Faso, kuma a ƙarshen shekarar aka tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato. A duniya baki ɗaya, an kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton fiye da mutum miliyan 14 da suka kamu da denge a 2024. Ita kuwa Zika, wadda aka fara ganowa a wani daji na Yuganda a 1947, ta tayar da hankalin duniya a 2015 da 2016, lokacin da aka riƙa haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna a Burazil.

Yadda Sel Ke Karanta Umarni

Kafin a fahimci maganin, dole a fahimci wurin da ake fafatawar. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel. A cibiyar kowane sel akwai DNA, wanda ke ɗauke da dukkan umarnin gina jiki da tafiyar da shi. Kowane sashe na DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera abu guda shi ake kira ƙwayar gado. Abin da ake ƙerawa kuwa furotin ne, kuma furotin su ne ma'aikatan jiki.

Ana iya kwatanta DNA da babban kundi da aka ajiye a ɗakin ajiya, wanda ba a yarda a fita da shi. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafe shafin da ya dace a kan wata takarda a aika da ita. Wannan takarda ita ce RNA ɗan aike. Takan fita daga cibiyar sel ta je wurin wasu 'yan injuna da ake kira ribosom, su kuwa su karanta ta su ƙera furotin.

Da haruffa huɗu kacal ake rubuta saƙon RNA: A, U, G da C. Akwai wata doka a tsakaninsu wadda duk darasin nan ya rataya a kanta. A tana manne wa U ne kawai, G kuma tana manne wa C. Ke nan idan aka san jerin haruffan wani zaren RNA, ana iya rubuta abokin haɗinsa, watau zaren da zai manne masa daidai wa daida. Abokin haɗin GGAU, alal misali, shi ne CCUA.

Yadda Bairas Ke Ƙwace Sel

Bairas ba shi da ribosom, ba ya kuma iya hayayyafa shi kaɗai. Bairas ɗin denge ɗan dunƙule ne da faɗinsa bai wuce nanomita 50 ba, alhali nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita guda. A cikinsa akwai zaren RNA mai sili ɗaya, mai haruffa kimanin 10,700. Idan ya shiga sel sai ya tuɓe rigarsa ya saki zaren. Ribosom ba su iya bambanta takardar gida da ta baƙo, don haka sai su karanta saƙon su ƙera wa bairas furotin iri goma. Uku daga ciki na gina jikin sabon bairas ne, bakwai kuma na aikin hayayyafa. Mafi girma a cikinsu, mai suna NS5, shi ne injin da ke kwafe RNA ɗin bairas. Cikin ɗan lokaci sel ɗin ya zama masana'antar bairas.

A nan wahalar neman magani take. Maganin bakteriya yana samun abin kamawa, domin bakteriya na da bango da injuna nata waɗanda babu irinsu a jikin mutum. Shi kuwa bairas da kayan mai gida yake aiki, saboda haka abin da zai cutar da shi yana iya cutar da mai gidan. Amma yana da abu guda da yake nasa shi kaɗai: jerin haruffan saƙonsa.

Yadda Aka Gano Katsalandan na RNA

A 1990 wasu masana tsirrai a Amurka, Carolyn Napoli da Richard Jorgensen, suka so su ƙara wa furen fetuniya duhun launi. Sai suka ƙara masa ƙwayar gadon da ke samar da launin shuɗi mai ja-ja. Maimakon launin ya ƙaru, sai furanni da yawa suka fito farare ko masu ratsin fari. Ƙwayar gadon da aka ƙara da ta asali duk sun yi shiru.

Bayanin wannan al'amari ya zo a 1998, daga Andrew Fire da Craig Mello, waɗanda ke bincike a kan wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya. Sun yi wa tsutsar allurar RNA mai sili ɗaya da ya dace da wata ƙwayar gado ta tsoka, ba a ga wani canji na kirki ba. Da suka haɗa sili biyu masu manne wa juna suka yi allurar, sai tsutsar ta kama makyarkyata kamar wadda ba ta da wannan ƙwayar gado sam. Watau RNA mai tufka biyu yana rufe bakin ƙwayar gadon da haruffansu suka zo ɗaya, ya bar sauran. Suka kira abin katsalandan na RNA, wanda ake taƙaitawa da RNAi. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2006.

A 1999 Andrew Hamilton da David Baulcombe a Ingila suka gano cewa wasu ƙananan guntayen RNA ne ke bayyana a tsirrai duk lokacin da aka rufe bakin wata ƙwayar gado. Saura matsala guda. Dogon RNA mai tufka biyu, wanda ya wuce haruffa 30, yana firgita sel ɗin mutum, ya ɗauka bairas ne ya shigo, ya dakatar da ƙera furotin gaba ɗaya. A 2001 Thomas Tuschl da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa guntu mai haruffa 21 yana rufe bakin ƙwayar gado a sel ɗin mutum ba tare da wannan firgita ba. Irin waɗannan guntaye su ake kira siRNA.

Yadda Abin Ke Aiki

A cikin sel akwai wani furotin mai suna Dicer, wanda aikinsa kamar na almakashi ne: yana yayyanka dogon RNA mai tufka biyu zuwa guntaye masu haruffa 21 ko kusa da haka. Daga nan wata ƙungiyar furotin mai suna RISC takan ɗauki guntu ɗaya, ta warware tufkar, ta yar da sili ɗaya, ta riƙe ɗaya. Wanda aka riƙe shi ne jagora. RISC takan yi ta yawo da jagoran nan tana gwada shi da duk saƙon da ta ci karo da shi, kamar dogarin da aka ba samfurin hatimi aka ce ya yage duk wasiƙar da ke ɗauke da irinsa. Idan haruffa suka manne daidai, sai wani furotin na cikinta mai suna Argonaute ya datse saƙon a tsakanin harafi na 10 da na 11 na jagora. Saƙon da aka datse ba ya karantuwa, sai sel ya narkar da shi. Ita kuwa RISC ta wuce neman wani da jagoranta a hannu, don haka guntu ɗaya yana iya halaka saƙo mai yawa.

Tsirrai da ƙwari da wannan hanya suke kare kansu daga bairas, kuma sauro na cikinsu. Tana cikin dalilan da suka sa yake ɗauke da bairas duk tsawon rayuwarsa ba tare da ya mutu ba. Jikin mutum ya fi dogara da wasu hanyoyin na garkuwa, amma injin RISC na nan cikin sel ɗinsa yana wasu ayyuka. Tunanin masana shi ne a miƙa wa wannan inji jagoran da aka ƙera musamman don saƙon bairas. Da ɗan gari, in ji Hausawa, akan ci gari.

Matakan Tsara Guntun RNA

Zaren denge yana da wurare fiye da 10,000 da za a iya zaɓa a kai wa hari, amma kaɗan ne daga ciki ke da amfani. A kan kwamfuta ake fara tankaɗe su, mataki bayan mataki.

Mataki na farko shi ne neman wurin da ba ya canzawa. Injin kwafin bairas yana yawan kuskure, kimanin harafi ɗaya cikin kowane 10,000. Ke nan kusan kowane sabon bairas yana ɗauke da wani ɗan canji. Ga shi kuma denge iri huɗu ne, kuma sun bambanta da juna da kimanin kashi ɗaya cikin uku na haruffansu. Mai tsarawa yakan ɗauko jerin haruffan ɗaruruwa ko dubban bairas da aka samo daga ƙasashe daban-daban, daga rumbun bayanai irin su GenBank, ya jera su layi bisa layi, ya nemi wuraren da duka suka yi tarayya. Irin waɗannan wurare sukan kasance inda bairas ba ya iya canzawa ba tare da ya nakasa ba, kamar wasu sassan NS5 da kuma bakin zaren biyu, inda farkonsa da ƙarshensa ke haɗuwa kafin a fara kwafi.

Mataki na biyu shi ne duba ko wurin a buɗe yake. Zaren RNA ba a miƙe yake kamar sanda ba. Yakan naɗe ya manne wa kansa a wurare da dama. Jagora ba ya iya kama wurin da ke ƙulle cikin naɗi.

Mataki na uku ya shafi ƙirar guntun kansa. Akan yi shi da haruffa 19 masu manne da juna, da ƙarin biyu da ke reto a kowane baki. G da C sun fi A da U ƙarfin riƙo, don haka ana son yawansu ya tsaya tsakanin kashi 30 da kashi 50 cikin ɗari ko sama kaɗan. Idan sun yi yawa tufkar za ta yi wuyar warwarewa, idan sun yi kaɗan riƙon zai yi rauni. Har ila yau, a 2003 aka gano cewa RISC tana riƙe silin da farkonsa ya fi sauƙin ɓallewa. Saboda haka ana sa farkon jagora ya kasance A ko U, ɗaya bakin kuma G ko C, don kada a yar da jagora a riƙe abokinsa.

Mataki na huɗu shi ne tabbatar da cewa guntun ba zai taɓa saƙon mutum ba. Lissafi na iya taimakawa a nan. Da haruffa huɗu ana iya rubuta jeri mai tsawon 19 ta hanyoyi 4 sau 4 har sau 19, watau kimanin biliyan 275. DNA ɗin mutum kuwa haruffansa kimanin biliyan 3 ne. Ke nan da wuya jerin 19 ya dace da na mutum bisa tsautsayi, kuma kwamfuta na iya bincikawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai haruffa na 2 zuwa na 8 na jagora su ne ke fara kama saƙo, kuma wani lokaci su kaɗai sun isa su rage aikinsa. Jerin haruffa bakwai kuwa hanyoyi 16,384 kacal gare shi, don haka ana samun irinsa a saƙonnin mutum masu yawa. Wannan ne ya sa kwamfuta ba ta isa ita kaɗai ba. Dole a gwada a ɗakin bincike.

Mataki na biyar shi ne toshe wa bairas hanyar tsira. An nuna da bairas ɗin shan inna cewa canjin harafi ɗaya a tsakiyar wurin da aka nufa ya isa ya kuɓutar da shi. Dabarar ita ce a haɗa guntaye biyu ko uku masu nufin wurare daban-daban. Idan damar kuɓuta daga guntu ɗaya ita ce 1 cikin 10,000, to damar kuɓuta daga biyu a lokaci guda ita ce 1 cikin miliyan 100.

Misali Don Aji

Jerin da ke ƙasa an ƙirƙire shi ne don koyarwa, ba na wani bairas ba ne. A ɗauka wannan ne wurin da aka zaɓa a saƙon bairas:

G C A U C G U A G A C U U C A G A A U

Idan aka rubuta abokin haɗin kowane harafi a ƙarƙashinsa, za a sami:

C G U A G C A U C U G A A G U C U U A

Sili biyu masu manne da juna kai da ƙafa suke kwanciya, saboda haka daga dama zuwa hagu ake karanta jagora:

A U U C U G A A G U C U A C G A U G C

G da C guda 8 ne cikin 19, watau kashi 42 cikin ɗari. Farkon jagora AUU ne, mai sauƙin ɓallewa, ƙarshensa kuma GC, mai ƙarfi. Guntun ya cika sharuɗɗan mataki na uku.

Isar da Magani Inda Ake Bukata

Tsara guntu a kan kwamfuta aikin 'yan kwanaki ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Idan aka zuba RNA tsurarsa cikin jini, wasu furotin da ke cikin jinin sukan narkar da shi, ƙoda kuma ta tace sauran ta fitar cikin fitsari a ɗan lokaci kaɗan. Wanda ya tsira ba ya iya ratsa fatar sel, wadda ta maiƙo ce. Masana sun ɓullo wa wannan ta hanyoyi uku. Sukan yi wa haruffan 'yan gyare-gyare na sinadari don su jure. Sukan naɗe guntayen cikin 'yan ƙananan ƙullin maiƙo, irin waɗanda daga baya aka yi amfani da su a wasu alluran riga-kafin korona. Ko kuma su ɗaura wa guntun wani irin sukari da sel ɗin hanta ke kamawa su haɗiye.

Da waɗannan dabaru aka sami magungunan farko. A 2018 aka amince da patisiran a Amurka, don wata cutar gado da ke lalata jijiyoyi. Daga baya aka amince da inclisiran mai rage kitsen jini, wanda bayan allurai biyun farko sau biyu kawai ake yin sa a shekara. Abin lura shi ne dukansu a hanta suke aiki, domin ita ce gaɓar da aka fi iya kai wa saƙo. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne game da shawara, tun da hanta ta fi yi wa illa. Denge kuwa ya fi shiga wasu sel na garkuwar jiki, zazzaɓin Yammacin Nilu ya kai ga ƙwaƙwalwa, Zika ta ratsa mahaifa, kuma duk waɗannan wurare ne masu wuyar isa.

Akwai kuma matsalar lokaci. Bairas ɗin denge kwanaki kaɗan yake yi da yawa cikin jini bayan fara zazzaɓi, alhali tsananin cutar yakan zo ne tsakanin kwana na 3 da na 7, lokacin da zafin jiki ke sauka kuma bairas ya fara raguwa. Maganin da ya zo a makare ba zai tarar da abin da zai datse ba. Ke nan sai an sami gwajin da zai bambanta denge da maleriya tun ranar farko ko ta biyu. Ga kuma tsada: da patisiran ya fito, kuɗinsa na shekara ya kai dala 450,000.

Abin da Gwaji Ya Nuna

A 2006 wasu masana a birnin Boston suka tsara guntu ɗaya da ya dace da bairas ɗin Yammacin Nilu da kuma na kumburin ƙwaƙwalwa na Japan, ya kuwa kare ɓeraye daga duka biyun, amma sai da aka yi allurar cikin ƙwaƙwalwa. A 2007 suka ɗaura guntun a jikin wani ɗan yanki na furotin ɗin bairas ɗin haukan kare, wanda ya san hanyar shiga jijiyoyi, suka yi allurar ta jini, ta kuma yi aiki. A 2011 aka ba da rahoton guntun da ke danne duka irin denge huɗu a sel ɗin da aka raina cikin ɗakin bincike.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Cutar Ebola, ko da yake ba sauro ke yaɗa ta ba, ta bar darasi. Wani maganin siRNA ya kare birai daga gare ta a 2010, amma da aka gwada shi a kan majinyata masu tsananin ciwo a Saliyo a 2015, bai rage mace-mace ba, aka dakatar da gwajin. Har yanzu babu maganin siRNA da aka amince da shi don wata cutar da sauro ke yaɗawa.

Ko a Yi wa Sauron Magani?

Tun da sauro na da wannan garkuwa tun asali, wasu masana sun ga ya fi sauƙi a ƙarfafa ta. Bairas ɗin denge yakan yi kwana 8 zuwa 12 a jikin sauro kafin ya isa yawunsa, kuma daga tumbi yake farawa. A 2006 masana a Jami'ar Jihar Kolorado suka samar da sauron da tumbinsa ke ƙera RNA mai tufka biyu na denge iri na 2 duk lokacin da ya sha jini, kuma ya rage yaɗa wannan iri ƙwarai. Bayan zuriya da dama, sai kariyar ta ɓace. A 2019 wasu a Kalifoniya suka yi makamancin haka da Zika. Ba a saki irin wannan sauro a gari ba, domin sakin halittar da aka sauya wa gado na bukatar dogon nazari da kuma yardar jama'ar wurin.

Kammalawa

An ga yadda dokar mannewar haruffa huɗu ta ba masana damar rubuta magani kamar yadda ake rubuta wasiƙa, da yadda isar da shi, da lokaci, da tsada suka hana shi zuwa asibiti tukuna. Akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban wannan yanki. Guntun da aka tsara bisa bairas ɗin Asiya ko Amurka ta Kudu yana iya kuskure wanda ke yawo a Sakkwato ko Tawa, muddin ba a karanta haruffan na gida an shigar da su rumbun bayanai ba. Kayan aikin matakin farko kuwa kwamfuta ce da intanet da sanin ilmin halitta da lissafi.

Kafin wannan magani ya samu, riga-kafi ya fi magani. Allurar shawara guda ɗaya tana kare mutum duk tsawon rayuwarsa, kuma a Nijeriya ana yi wa jarirai ita suna da wata 9. A rufe randuna, a wanke su kowane mako, a kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi. Wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya ya koma asibiti, kuma idan ana zaton denge ne, ya guji asfirin da ibufurofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini.

Tambayoyi Don Nazari

1. Me ya sa maganin maleriya ba ya aiki a kan denge ko shawara?
2. Rubuta abokin haɗin wannan jeri: A U G G C A U U C.
3. Lissafa yawan G da C cikin ɗari a wannan jeri, sa'an nan ka faɗi ko ya dace da mataki na uku: G G C C G A G C G G C U C C G G A G C.
4. Don me ake haɗa guntaye biyu ko uku maimakon ɗaya?
5. Kawo dalilai biyu da suka sa maganin da ya warkar da ɓera kan kasa warkar da mutum.